Wayar Hannu Da Hawan Jini: Me Ƙungiyarmu Za Ta Saya?

'Yan'uwa manoma, a watannin nan wata tambaya tana ta fitowa a taron ƙungiyoyinmu. Mutane suna ji a rediyo cewa yanzu waya tana iya lura da lafiyar mutum, ta tuna masa lokacin shan magani, har ta kai wa likita labarinsa ba tare da ya taka asibiti ba. Waɗansu kuwa 'ya'yansu da ke birni sun aiko musu da agogon hannu wanda aka ce yana auna jini. Sai su ce, "Malam, gaskiya ne? In gaskiya ne, ko ƙungiya za ta sa kuɗinta a ciki?"

Tambayar tana da kyau, gama kuɗin ƙungiya gumin mutane ne. Ga ra'ayina tun da fari. Ƙungiya ta sayi na'urar awon jini ta ɗaurawa a damtse, ta sayi littafi, ta aika da mutum ɗaya ko biyu su koyi aikin, ta kuma tanadi kuɗin magani tun da kaka. Waya tana da nata amfani, amma ita ce ta ƙarshe a layi. Bari in nuna muku dalili daga abin da masu bincike suka gano.

Da fari mu san girman abin da muke magana a kai. Akwai cututtukan da ba a warkewa daga gare su da allura uku kamar zazzaɓi, sai dai a zauna da su ana lallaɓawa har iyakar rai. Cikinsu akwai ciwon sukari, da amosanin jini, da fuka, amma babbansu a wurinmu shi ne hawan jini. Wani lissafi da masana suka buga a 2021 ya nuna cewa a shekarar 2020 kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Nijeriya yana da shi. Cikin masu shi ɗin, wajen 29 bisa 100 ne suka san suna da shi, 12 bisa 100 ne ke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka yadda ake so kuwa ba su kai 3 bisa 100 ba. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya bayyana a 2018 cewa wajen tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a ƙasashen nan yana da hannun hawan jini a ciki.

Ba sai na gaya muku abin da shanyewar ɓarin jiki ke yi wa gidan manomi ba. Fartanya ɗaya ta faɗi. Matar gida ta bar sana'arta ta koma jinya. A sayar da awaki, daga baya a sayar da sa na huɗa, yaro ya bar makaranta, bashin takin ƙungiya kuma ya kwanta. Wannan ba zancen malaman asibiti kaɗai ba ne, zancen rumbu ne.

To, mu leƙa birnin Kano, inda yawancinmu kan shiga in mun kai hatsi Dawanau ko mun je sayayya. Ku ɗauki Ƙofar Mazugal, wadda ke tsakanin Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa, a Ƙaramar Hukumar Dala. Mutumin da ke zaune a wannan unguwa yana da duk abin da mu na ƙauye muke kukan rashinsa. Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata. Asibitin Malam Aminu Kano yana kan hanyar Zariya, hawan mota ɗaya ko biyu. Kemis ga shi a kowane lungu, sabis na waya cike, mai caji a bakin titi. Duk da haka ku tambayi kowane malamin asibiti a birni, zai ba ku labarin da muka sani a ƙauye. Mutum ya zo da ciwon kai, a auna shi, a ba shi maganin wata ɗaya. Ya sha, kai ya daina ciwo, ya ce ya warke. Ba a ƙara ganinsa sai ran da aka kawo shi a kwance. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ko ga wanda ke kwana a gindin Dala. Watau nisa ba shi ne dukan matsalar ba. Babbar matsalar ita ce dawowa, wata bayan wata, sa'ad da jiki ba ya ciwo.

An auna wannan a Abuja, inda Jami'ar Abuja ta fara aikin kula da hawan jini a ɗakunan shan magani 60 a Janairun 2020. A shekarar farko, cikin mutum fiye da 10,000 da aka rubuta, ƙasa da rabi ne ke dawowa a kan lokaci bayan wata guda.

A nan ne na'ura take da aiki na gaskiya. A Nuwamban 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna Resolve to Save Lives, suka fara shirin shawo kan hawan jini a jihohin Kano da Ogun, wanda ya kai ɗakunan shan magani 104. An ba ma'aikatan ƙa'ida mai sauƙi ta ba da magani mataki mataki, ana farawa da ƙwayar amlodipine, domin kada sai an jira likita. An fara da kati da babban littafi, daga baya aka shiga sa lissafin cikin na'urar hannu da tsarin da ake kira DHIS2. Me na'urar ke yi wanda littafi ba ya yi? Ba ta auna kowa, ba ta ba kowa magani. Abin da take yi shi ne ta fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba. Malamin da ke da kati ɗari biyar a akwati ba zai iya zama yana tsince su ɗaya ɗaya ba, ga mata masu awon ciki suna jira, ga yara na rigakafi. Na'ura kuwa nan take za ta ce masa ga mutum talatin da suka ɓace wannan wata. Amma fa bayan ta faɗa, sai an sami wanda zai buga musu waya ko ya taka zuwa ƙofar gidansu. In babu shi, sunayen suna nan kwance a cikin na'ura kamar iri a cikin leda.

Kano ta riga ta ga irin wannan. A yaƙin shan inna, ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke da babban ofishinta a Kano, ta taimaka wajen ba masu ɗiga rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake. Abin ya taimaka ƙwarai. An ga yaro na ƙarshe da kwayar shan inna ta asali ta kama a Jihar Kano a 2014, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar ta ƙare a Afirka. Amma waya ba ta ɗiga wa yaro ko ɗaya ba. Mata ne suka bi gida gida cikin rana, masu unguwanni suka tsaya musu. Kuma shan inna aikin 'yan ɗigo ne, hawan jini kuwa aikin kowace safiya ne.

Yanzu bari mu ƙetare iyaka mu ga abin da aka gwada a waɗansu ƙasashe. Amma ku fara riƙe wannan. In an auna jini ana samun lamba biyu, ta sama da ta ƙasa, misali 150 bisa 95. Daga 140 bisa 90 zuwa sama, in ya maimaitu a ranaku dabam dabam, shi ne hawan jini. Masana sun haɗa gwaje-gwaje masu yawa a 2021 suka ga cewa in lambar sama ta sauka da maki 5, haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya yana raguwa da wajen kashi 10 bisa 100. Da wannan mudu za mu auna kowane gwaji.

A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu an ɗauki masu hawan jini 1,372. Waɗansu aka riƙa aika musu da saƙon tes na tunatarwa, cikin harshen da suka zaɓa, waɗansu ba a aika musu ba. Da aka ba da sakamako a 2016, bayan shekara guda lambar sama ta masu samun saƙo ta fi ta sauran sauka da wajen maki 2 kaɗai. Ba banza ba ne, amma bai taka kara ya karya ba. Ku kuma lura, a can maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. Saƙon yana tuna wa mutum ya je ya karɓi abin da ba zai biya ba.

A Ingila, malaman Jami'ar Okusfod sun gwada mutum 1,182, suka buga sakamako a 2018. Kashi ɗaya an bar su ga asibiti yadda aka saba. Kashi na biyu an ba su na'ura suna auna kansu a gida, suna rubutawa a takarda suna aika wa likita. Kashi na uku suna aikawa ta waya. Masu takarda sun sami ragin maki 3.5, masu waya 4.7. Tsakanin takarda da waya bambancin kaɗan ne ainun. Abin da ya kawo ragin shi ne awo a kai a kai, da likitan da ke duba awon ya ƙara magani ko ya sake shi.

A Kenya kuma, a gwajin da aka buga a 2010 kan mutum 538 masu shan maganin ƙanjamau, an riƙa aika musu da kalma ɗaya tak kowace Litinin da safe, kamar a ce "Yaya dai?" da harshensu. Mutum ya amsa lafiya, ko ya ce akwai matsala. Wanda ya ce matsala, ko ya yi shiru kwana biyu, sai malamar jinya ta kira shi. Masu shan magani yadda ya kamata suka kai 62 bisa 100, sauran kuwa 50. Na fi son wannan gwaji da duk sauran na waya, gama a fili yake cewa ba hikimar saƙon ba ce ta yi aiki. Sanin cewa akwai mutum a ɗaya gefen wanda zai neme ka in ka yi shiru, shi ne ya yi.

Amma gwajin da ya kamata kowane shugaban ƙungiya ya ji shi ne na ƙasar Sin, domin a kan manoma aka yi shi. Tun daga 2018 aka ɗauki ƙauyuka 326 da mutum 33,995 masu hawan jini. Rabin ƙauyukan aka bar su yadda suke. A ɗaya rabin aka koyar da malaman lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, mutanen garin ne da kowa ya san gidansu. Aka ba su ƙa'idar fara magani da ƙara shi, likitoci suna duba aikinsu. Aka ba marasa lafiya magani kyauta ko da rangwame, da na'urar awo a gida, malamin kuma yana bin su yana musu magana kan gishiri, da giya, da shan ƙwaya kullum. Bayan wata 18, mutum 57 cikin 100 jininsu ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, a ɗaya rabin kuwa 20 cikin 100. Bayan shekara uku bambancin lambar sama ya kai maki 23. Shanyewar jiki ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, mutuwa ta kowane dalili ta ragu da 15 bisa 100. Ku ajiye maki 2 na saƙon tes kusa da maki 23 na malamin ƙauye mai magani a jaka, ku yi wa kanku hukunci.

Dattawanmu ba za su yi mamakin wannan ba. Tun 1974 shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas a Garkiɗa ya fara karɓar mutanen da ƙauyuka suka zaɓa da kansu, yana koya musu aikin lafiya ta hanyar ba da labari, su koma gida da akwatin magani. A lokacin zazzaɓi da gudawa ne abokan gaba. Dabarar dai ita ce har yau.

Akwai kuma abubuwan da mai tallan waya ba zai gaya muku ba. Saƙon tes yana zuwa a rubuce, sau da yawa da Turanci, kuma wanda hawan jini ya fi kamawa shi ne dattijon da ido ya fara rauni, ko uwar gidan da ba ta shiga makaranta ba. A gidaje da yawa wayar ɗaya ce, tana aljihun maigida, maigida yana kasuwa. Layi yana mutuwa. Tun Disamban 2020 aka shiga haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa, kuma a 2024 an rufe layuka masu ɗimbin yawa. A Satumban 2021 an kashe sabis ɗungum a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, ya ɗauki makonni. A Janairun 2025 aka amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 bisa 100. Tsarin da ya rataya ga waya kaɗai, ran da waya ta yi shiru ya faɗi.

Batun agogo da manhajar da ake cewa ka ɗora yatsa a kan waya ta auna maka jini, ina roƙonku ku yi hattara. A Amurka an sayar da wata mai suna Instant Blood Pressure har sau fiye da 148,000. Da likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka gwada ta a 2016, sai suka tarar cikin mutum biyar masu hawan jini, kusan huɗu ta ce musu lafiyarsu ƙalau. A Fabrairun 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara ga agogo ko zoben da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba. Ma'aunin ƙarya ya fi rashin ma'auni haɗari, domin mai shi yana kwana da rai kwance.

Sai babbar magana, wato kuɗi. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Yawancin waɗanda na sani suka bar shan ƙwaya ba mantuwa ce ta sa su ba. Sun tuna sarai, aljihu ne babu, musamman daga Yuli zuwa Satumba sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin da ke hannu kuma ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Aika wa irin wannan mutum saƙon "ka sha maganinka" kamar gaya wa mai yunwa ne lokacin tuwo ya yi. Ƙungiya ce ke da maganin wannan, ba waya ba. Mun saba tara kuɗin taki da kaka domin damina. Haka za a iya ajiye mudu biyu ko uku kan kowane memba a wani asusu dabam, a sayi maganin watannin damina ta hannun ɗakin shan magani ko wurin da aka amince da shi, wanda ya karɓa ya biya bayan girbi. Ƙwayoyin hawan jini na farko suna cikin masu arha in an saye su da yawa.

Wani zai ce, "Mu ba likitoci ba ne, kada mu jawo wa kanmu." Gaskiyarsa, kuma tilas a ja layi a nan. Mai awon ƙungiya ba zai rubuta wa kowa magani ba, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Aikinsa ya auna, ya rubuta, ya tura, ya bi sawu. Na'urar ta zama ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, a kuma kai ta ɗakin shan magani a gwada ta da tasu kafin a fara aiki da ita. Kuɗinta bai wuce na buhun taki ɗaya ko biyu ba. Mai zuwa awo ya zauna minti biyar ya huta, ya jingina bayansa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba taba rabin awa kafin nan, kada kuma a yi hira lokacin da na'ura ke aiki. A auna sau biyu. In ya kai 140 bisa 90 a sake wata rana, in ya maimaitu a ba shi takarda zuwa ga malamin asibiti. In ya kai 180 bisa 110, ko akwai ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ba jiran gobe. Mace mai ciki kuwa da zarar ta kai 140 bisa 90, ranar nan za ta tafi.

Abu ɗaya yana damuna, kuma gara in faɗe shi a fili. Ƙungiyoyinmu suna ba da bashi. Ran da aka ji cewa an hana wani bashin taki domin an ga sunansa a littafin awo, daga ranar ba wanda zai ƙara miƙa hannunsa. Saboda haka mai riƙe littafin awo kada ya zama ma'aji, kada ya zauna a kwamitin bashi. Littafin ya zauna a kulle. Kada a sa awon kowa a dandalin WhatsApp na ƙungiya, ko da niyyar a taya shi da addu'a, sai in shi ya ce a sa. In kuma wani ya zo daga birni da na'ura yana neman sunayenku da lambobinku da awonku, ku tambaye shi ina za a kai su, wa zai gani. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba ku ikon yin wannan tambaya, ta kuma sa bayanin lafiya cikin waɗanda ba a taɓawa da wasa. Ya kamata masu awon su zama biyu, namiji da mace, gama mata da yawa ba za su naɗe hannun riga a gaban namiji ba. A kuma buɗe awon ga duk maƙwabta, memba da wanda ba memba ba.

To, ina wurin waya a cikin wannan duka? Ƙaramar waya ta mai awon ta isa. Da ita zai kira malamin ɗakin shan magani in ya ga lambar da ta ba shi tsoro. Da ita zai tambaya ko magani ya iso kafin tsoho ya kashe kuɗin mashin ya je ya tarar babu. Da ita malamin zai gaya masa, "Mutum uku daga garinku ba su zo wannan wata ba," shi kuwa ya san gonar da kowannensu yake. Ƙungiya ta sa masa kati kaɗan kowane wata, a rubuta shi cikin lissafi kamar man injin feshi.

Kafin taronku na wata mai zuwa, shugaba da sakatare su je wurin malamin da ke riƙe da ɗakin shan magani mafi kusa da ku. Ku tambaye shi ko suna kula da masu hawan jini a nan, wace rana, ko suna da maganin a hannu da nawa ne na wata guda, ko kuma zai yarda ya koya wa mutum biyu daga cikinku awo. Ku kawo amsarsa gaban taro kafin a fara sayar da masara.